Mene ne bankin cimaka?

A ƙauyukanmu na Gaffati, cikin gundumar Mirriya, bankin cimaka rumbun gari ne. Da kaka, sa'ad da hatsi ke araha, kwamitin gari yakan saya ya ajiye. In damina ta yi nisa, rumbuna sun yi ƙasa, tiya ta yi tsada a kasuwar Dole ta Damagaram, sai a buɗe a sayar wa magidanta da rangwame, a ɗora 'yar riba. Da kuɗin nan ake sake saye.

Bashi ne ke karya shi. Wanda ya ɗauka bai biya ba ya rage buhunan baɗi, mu duka za mu ji a jikinmu. 'Yan uwa da ke Kano ko Libiya, in za ku taimaka, ku aiko a Nuwamba, kada ku jira Agusta.