Ƙafar Mota da Damina a Ƙasar Kankiya

Tun kafin a san ƙafar mota a ƙasar Katsina, kayan fatake da amfanin gonar talakawa a bayan jaki da takarkari da raƙumi suke tafiya, kuma mutanen Fakuwa da sauran ƙauyukan ƙasar Kankiya ba su da wata mas'ala game da abin hawa face ta kofato da akumari da mangala. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa Bichi da Tsanyawa da Kankiya zuwa birnin Katsina ta sami daraja wadda ba ta da ita a da. Da yake kuwa dogo bai biyo ta nan ba, ta Funtuwa ya bi zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, ɗaukar kayan wannan yanki ya zauna a kan jakuna, daga bisani ya koma kan manyan motoci. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, Allah Ya jiƙansa, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, yana cikin sarakunan farko da suka karɓi mota hannu biyu.

Hanyoyin wancan zamani na burji ne, galibinsu ma na rani kaɗai, don haka direba ba shi da makawa sai ya san yanayi kamar yadda manomi ya san shi. Da rani gargada ce ke girgiza mota har kusoshi su kwance, a gulbi kuwa rairayi ne ke riƙe ta, sai karen mota ya sauko ya rage iskar tayoyi domin su shimfiɗu, a haye, sa'an nan a sake busa su da famfon hannu ana gumi. Da damina laka ce ke hukunci: tayar da zanenta ya suɗe juyawa take a wuri ɗaya tana fesa taɓo, alhali mai manyan haƙora tana cizon ƙasa ta fita. Wannan ne sababin da ya sa Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, ta zama abin hawan Turawan mulki da ma'aikatan En'e masu rangadi, domin ƙafafunta huɗu duka suna ja. A gefen hanya kuma sana'ar faci ta kafu, inda mai faci zai zare tif, ya hura shi, ya tsoma cikin ruwan daro yana juyawa sannu a hankali har ƙwayoyin iska su tona wurin da ƙaya ko ƙusa ta shiga, ya kankare, ya ɗora roba, ya danne da ƙarfe mai zafi.

Mutanen ƙasashen sanyi su ma yanayinsu ne ya koya musu zaɓi. A ƙasar Finland aka fara yin tayar da aka keɓe wa lokacin ƙanƙara, a 1934, kuma hikimar irinta ta yau ita ce robarta mai taushi ce, ba ta ƙagewa idan sanyi ya sauka ƙasa da daraja 7 a ma'auni, ga kuma ƙananan tsaga barkatai a fuskarta don kama santsi. Abin da ya zama rahama a can, a nan yana iya zama fitina, domin hunturunmu ƙura ce da bushewar leɓe, babu ƙanƙara a cikinsa, kuma a watan Afrilu zafi yakan kai daraja 40, kwalta ta fi haka nesa ba kusa ba.

Da can ba mu da wannan damuwa sosai, saboda Michelin tana yin taya a Fatakwal, Dunlop tana yi a Ikeja, tun farkon shekarun 1960. Da masana'antun nan biyu suka daina aiki, ta farko a 2007, ta biyu a 2008, sai kasuwa ta cika da tayoyin waje, sababbi da na gwanjo waɗanda ake kira 'yan Beljiyam, kuma a cikin na gwanjon akwai na ƙanƙara masu yawa, waɗanda masu su suka yar bayan sun ci moriyarsu. Mai jif yakan ga zurfin zanensu da arahar kuɗinsu ya ɗauka ya yi dace da tayar damina, bai sani ba cewa zafi zai cinye su cikin gaggawa, birki kuma ba zai kama yadda ya kamata ba. Haka nan sha'awar manyan wili na alminiyom masu siririyar taya, wanda a ganina ado ne da ya dace da titin Abuja: idan wilin ƙarfe ya daki rami ya lanƙwashe, guduma tana miƙe shi a Kankiya, amma na alminiyom tsagewa yake yi.

Alamomin kuwa a rubuce suke a gefen kowace taya ga mai son dubawa. Hoton dutse mai kai uku da tauraron ƙanƙara a cikinsa shaida ce cewa ta ƙasar sanyi ce. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta, kamar 2319, wato mako na 23 na 2019. Wanda zai ɗauki iyalinsa daga Fakuwa zuwa Katsina a kan ƙafafun nan huɗu, amana ce a wuyansa, don haka ya tsuguna ya karanta su da idonsa kafin ya miƙa kuɗi, ko da mai shago ya rantse masa cewa jiya aka sauke su.