Tarihin Cigong da Zaman Shiru na Mabiya Tao: Amsa ga Tambayar Wani Ɗalibi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Bayan haka, kwanakin baya wani tsohon ɗalibina na Islamiyya, wanda yanzu yake jami'a, ya tsaya bayan an tashi daga darasi ya nuna mini bidiyo a wayarsa. Wasu tsofaffi ne a cikin lambu suna ɗaga hannuwa a hankali suna saukewa, kamar masu tura ruwa. Ya ce wata biyu ke nan yana kwaikwayonsu kowace safiya saboda ciwon baya, kuma ya ji sauƙi. Amma da ya kai darasi na gaba, sai mai koyarwar ya ce a rufe ido, a jawo ƙarfin sama da ƙasa, a tara shi a ƙasan cibiya. A nan gabansa ya faɗi. Ya ce da ni: "Malam, don Allah ba shirka na shiga ba?"

Ban amsa masa nan take ba, domin malamanmu sun koya mana cewa hukunci a kan abu reshe ne na fahimtar abin. Na nemi ya ba ni lokaci in koma ga tarihin. Abin da na gaya masa daga baya shi ne nake rubutawa a nan, ko wani ɗan'uwa zai amfana.

Asalinsa

Abin da ake rubutawa qigong, ake kuma furta shi cigong, kalmomi biyu ne na Sinanci. Ci shi ne numfashi, ko kuma wani ƙarfin rayuwa da mutanen Sin na dā suka ce yana kewaya jiki ta wasu hanyoyi. Gong kuwa shi ne aikin da aka daɗe ana maimaitawa har aka ƙware. Sunan bai yaɗu da wannan ma'ana ba sai a ƙarni na 20, amma aikin tsoho ne ƙwarai, kuma a dā ana kiransa daoyin, wato jagorantar numfashi da miƙar da gaɓoɓi.

A shekarar 1973 masu binciken kayan tarihi sun tona wani kabari a Mawangdui, kusa da birnin Changsha, wanda aka rufe tun shekara ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Cikin abin da suka samu akwai ƙyallen siliki mai ɗauke da zanen mutane 44, maza da mata, kowa da irin motsin da yake yi. A gefen wasunsu an rubuta sunan ciwon da motsin yake magani, wasu kuma sunan dabbar da ake kwaikwayo. Wannan ya nuna cewa tun farko akwai fuskar likitanci a cikin al'amarin. Bayan haka, wani shahararren likita mai suna Hua Tuo, wanda ya mutu wajen shekara ta 208 Miladiyya, ya tsara wasan dabbobi biyar: damisa, barewa, beyar, biri da tsuntsu. An ruwaito cewa ya kwatanta jikin mutum da madogarar ƙofa, wadda ba ta ruɓewa saboda kullum tana motsi, kuma almajirinsa Wu Pu ya haura shekara 90 da haƙoransa da ganinsa.

Inda addini ya shigo

Mabiya Tao sun ɗauki wannan motsi suka ɗora masa wata manufa ta daban. A wurinsu Tao shi ne asalin da komai ya fito daga gare shi, amma ba su siffanta shi da cewa Ubangiji ne mai umurni da hani, mai ji da amsa addu'a ba. Burin mai bin hanyar shi ne ya koma ya haɗe da wannan asali, ko ya zama cikin waɗanda suke kira xian, waɗanda a zatonsu ba sa mutuwa. Don haka suka samar da nau'o'in zaman shiru. Akwai wanda ake kira zuowang, wato zama da mantawa, inda mutum zai yi ta sakin tunaninsa har ya manta da jikinsa da kansa. Malaminsu Sima Chengzhen, wanda ya rayu daga 647 zuwa 735, ana jingina masa littafi a kansa. Akwai kuma na ɗariƙar Shangqing, da ta bayyana a ƙarni na 4, inda mai zaman yake sawwara wasu abubuwan bauta da suka ce suna zaune a cikin zuciya da hanta da huhu, yana kiran sunayensu. Wannan kam ba ya buƙatar dogon bayani ga mai tauhidi.

Neman dawwama ya ja su zuwa haɗa magunguna daga ma'adinai, musamman zaiba da dalma. Sakamakon ya yi muni. Littattafan tarihin Sin sun danganta rashin lafiya ko mutuwar sarakuna da dama na daular Tang da shan irin wannan haɗi, cikinsu har da Muzong a 824 da Wuzong a 846. Da tafiya ta yi nisa sai hankali ya karkata zuwa abin da suka kira neidan, wato haɗa maganin a cikin jiki: ƙasan cibiya, wanda suke kira dantian, ya zama tukunyar, numfashi ya zama wutar. Ashe abin da ɗalibina ya ji ana cewa ya tara a ƙasan cibiya, daga nan ya samo asali.

Akwai wani labari da ya tsaya mini a rai. A shekarar 1222, Janghis Khan, wanda rundunarsa ta rusa Bukhara da Samarkand shekara biyu kafin nan, ya karɓi wani tsohon malamin Tao mai suna Qiu Chuji a sansaninsa da ke yankin Afghanistan ta yau. Tsohon ya shafe fiye da shekara yana tafiya kafin ya iso. Sarkin ya tambaye shi ko ya zo masa da maganin hana mutuwa. Ya amsa masa cewa hanyar kiyaye lafiya akwai ta, amma maganin dawwama babu. Shekara biyar bayan haka, a 1227, dukansu biyu suka mutu.

Yadda Musulmin Sin suka yi da shi

Ba mu ne Musulmi na farko da suka fuskanci wannan tambaya ba. Musulunci ya isa ƙasar Sin tun zamanin daular Tang ta hannun 'yan kasuwa, kuma 'yan'uwanmu na ƙabilar Hui sun yi ɗaruruwan shekaru suna maƙwabtaka da mabiya Tao da Buddha. Malaminsu Wang Daiyu, wanda littafinsa na bayanin addini ya fito a 1642, ya yi rubutu da Sinanci, ya yi amfani da kalmomin falsafar mutanen ƙasar, amma ya kafa iyaka a fili. Ya bambanta Makaɗaici na Gaskiya, wato Allah, da abin da masana Sin suke kira taiji, ya nuna cewa wannan farkon halitta ne kawai, ba Mahalicci ba ne. Bayansa Liu Zhi na birnin Nanjing ya ci gaba da irin wannan aiki a farkon ƙarni na 18.

Ta fuskar motsa jiki kuwa, Hui sun shahara da wasannin kare kai, har akwai salo irin su chaquan da tantui da aka san su da su. Wang Ziping, Musulmi ɗan garin Cangzhou wanda ya rayu daga 1881 zuwa 1973, gwanin wasan ne kuma mai ɗori a birnin Shanghai, kuma ya tsara motsi 20 don kawar da ciwo da ƙarfafa jiki. Wato mutanen da suka san abin tun daga tushensa sun ɗauki abin da yake na jiki, suka riƙe aƙidarsu.

Cigong na zamani

Cigong da muke gani a intanet yau, gwamnatin Kwaminisanci ce ta yi masa wanka ta sa masa sabuwar riga. Wani jami'in jam'iyya mai suna Liu Guizhen ya yi fama da gyambon ciki a ƙarshen shekarun 1940, ya koma ƙauyensu a lardin Hebei, ya koyi motsa numfashi a wurin wani dattijo, ya samu sauƙi. Hukumomi suka ga hanya ce mai arha a ƙasar da likitoci suka yi ƙaranci. Aka cire addu'o'in da kalmomin addini, aka tsayar da sunan cigong, aka buɗe masa asibiti a Tangshan sannan a Beidaihe a tsakiyar shekarun 1950. A lokacin Juyin Al'adu, daga 1966 zuwa 1976, sai aka juya masa baya aka kira shi camfi, shi kansa Liu ya sha wahala.

Bayan mutuwar Mao ya dawo da ƙarfi. A shekarun 1980 miliyoyin mutane suka cika lambunan birane, kuma abin da aka cire ta ƙofa ya dawo ta taga. Malamai suka bayyana masu da'awar warkar da mutum daga nesa. Wani mai suna Yan Xin har an yaɗa cewa da ƙarfin ci ɗinsa ya taimaka wajen kashe babbar gobarar daji ta 1987 a arewa maso gabashin ƙasar. Likitocin ƙwaƙwalwa a Sin kuwa suka fara ganin masu ruɗewar hankali bayan wuce gona da iri a zaman, har aka shigar da wannan cikin kundinsu na cututtuka. A 1992 Li Hongzhi ya kafa Falun Gong, wadda ta fara a matsayin cigong ta koma tafarki mai aƙida da shugaba. A ranar 25 ga Afrilu, 1999, mabiyanta kimanin 10,000 suka taru a kusa da hedikwatar shugabannin ƙasar a Beijing. A watan Yuli aka haramta ta, aka kama mutane masu yawa, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam sun ba da rahoton azabtarwa da mace-mace a tsare. Daga nan gwamnati ta sake tsara abin, a 2003 ta fitar da salo huɗu a matsayin motsa jiki don lafiya, cikinsu akwai wasan dabbobi biyar da kuma baduanjin mai motsi takwas. Shi baduanjin ɗin ne aka ga marasa lafiya suna yi a asibitocin wucin gadi na Wuhan a 2020.

Abin da na gaya wa ɗalibina

Ya ɗan'uwa mai karatu, wannan tarihi ya nuna cewa abubuwa uku ne suke cuɗe a ƙarƙashin suna ɗaya.

Na farko shi ne miƙa gaɓoɓi da daidaita numfashi. Wannan al'ada ce, kuma asali a cikin al'adu shi ne halacci. Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha (RA), kuma Ibn Sina ya keɓe wa motsa jiki babi a cikin littafinsa Al-Ƙanun, ya haɗa shi da zurfin numfashi. Binciken likitoci na zamani ya nuna cewa irin wannan motsi mai taushi, musamman taici, yana taimaka wa tsofaffi wajen daidaita tsayuwa da rage faɗuwa. Amma ba ya maye gurbin maganin hawan jini ko ciwon suga, kuma duk wanda ya ce ka ajiye maganin likita saboda shi, ka guje shi.

Na biyu shi ne bayanin ci da hanyoyinsa. Wannan tsohon ra'ayin likitanci ne, kamar yadda likitocin Musulmi na dā suka yi bayanin cuta da ɗabi'o'i huɗu. Babu wata na'ura da ta tabbatar da samuwarsa. Sauƙin da ɗalibina ya ji a bayansa, jijiyoyi ne da tsoka suka samu motsi, da izinin Allah. Haɗarin yana zuwa ne idan mutum ya ƙudurce cewa akwai wani ƙarfi a sararin duniya mai warkarwa da kansa.

Na uku shi ne ibadar: sawwara abubuwan bauta, rusunawa ga hoton malami, maimaita kalmomin da ba a san ma'anarsu ba, da neman narkewa cikin Tao. Ibada kuwa ba a yin ta sai da abin da shari'a ta zo da shi. Wanda yake neman natsuwar zuciya yana da sallar dare, da zikirin safiya da maraice, da tilawa, da tafakkuri, da i'itikafi. Mai zaman zuowang yana ƙoƙarin mantawa da komai. Mu kuwa mantuwa ita ce cutar da aka umurce mu mu yi wa magani da ambaton Allah. Gaskiyar da ta fi yi mini ɗaci ita ce, da yawa daga matasanmu suna neman shiru a wurin wasu ne saboda mu malamai mun koya musu sharuɗɗan salla da rukunanta, ba mu tsaya mun koya musu khushu'i ba.

Na kuma gaya masa cewa akwai malaman da suka hana abin gaba ɗaya don toshe ƙofar ɓarna, saboda wuyar rabe motsin da aƙidar ga wanda iliminsa bai yi zurfi ba, kuma wannan ra'ayi ne mai ƙarfi da bai kamata a raina ba. Ni mai koyarwa ne, ba mufti ba, don haka na tura shi ga malamin da ya fi ni sani. Game da tsoronsa kuwa, na ce masa wanda zuciyarsa ta ƙi abu da zarar ta ji shi, ya kuma tashi ya yi tambaya, ya gode wa Allah da Ya bar masa wannan kishin. Ya daina bin waɗancan darussa. Wani likitan gashi a asibiti ya nuna masa motsin da ya dace da bayansa, yana yin su bayan azkar ɗin safiya.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa daga gare ni ne, kuma ina maraba da gyara daga masana. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mana imaninmu. Wallahu a'alam.