Goma Suka Sauka, Biyar Suka Zauna: Labarin Matasan Mishan na Mormon a Hawai

'Yan'uwa, a ranar 12 ga Disamba 1850 wani jirgin ruwa daga San Faransisko ya tsaya a Honolulu, babban birnin masarautar Hawai, a zamanin Sarki Kamehameha na Uku. Mutum goma suka sauka daga cikinsa, dukansu 'yan cocin da aka fi sani da Mormon. An ɗauko su ne daga wuraren haƙar zinariya na Kalifoniya aka ce su je tsibiran nan su yi wa'azi. Ba a yi wata huɗu ba, biyar suka tattara kayansu suka bar ƙasar. Labarin sauran biyar ɗin ne muke so mu duba yau.

Mu faɗa tun farko cewa koyarwar Mormon ta sha bamban da ta ikilisiyoyinmu a manyan batutuwa, kuma ba ma ɗaukar Littafin Mormon a matsayin Maganar Allah. Amma abin da ya sami waɗannan samari a baƙon wuri abu ne da ke samun duk wanda aka aika nesa da gida: yunwa, kaɗaici, harshen da ba ya ji, da abincin da maƙogwaro ya ƙi. Yadda suka yi da waɗannan abubuwa na yau da kullum shi ya raba masu tafiya da masu zama.

Da suka iso, a tunaninsu Turawan da ke zaune a tsibiran aka aiko su su yi wa magana. Sai suka tarar Turawan ba su da yawa, akasarinsu 'yan kasuwa da ma'aikatan jiragen ruwa, kuma ba su da lokacin sauraron wa'azi. Ga shi cocin ba ta biyansu albashi. A lokacin, ɗan mishan na Mormon yakan fita ba guzuri, ya dogara ga duk wanda ya buɗe masa ƙofa. Ɗan kuɗin da suka zo da shi ya fara ƙarewa a haya da abinci. Wasu suka ce aiki ya ƙare, tunda waɗanda aka aiko su gare su sun ƙi ji. Har shugabansu, Hiram Clark, ya bar Hawai ya nufi wasu tsibirai na kudu.

Mafi ƙarancin shekaru a cikinsu shi ne George Q. Cannon, ɗan shekara 23, haifaffen Libaful a Ingila, wanda ya koyi aikin ɗab'i tun yana yaro a Amurka. An tura shi tsibirin Maui, garin Lahaina, tare da James Keeler da Henry Bigler. Shi ne ya dage cewa ba zai koma ba alhali ga dubban 'yan ƙasa da ba a ce musu komai ba. William Farrer da James Hawkins su ma suka tsaya. Wannan shawara tana nufin dole su koyi harshen Hawai daga tushe, su kuma zauna yadda mutanen ƙasar suke zama.

Masaukin farko da ya cece su na wata tsohuwa ce mai suna Nalimanui. Da kuɗin hayarsu ya ƙare, ita ce ta ba su wurin kwana a ɗan gidanta. Ba mai arziki ba ce, ba ta kuma san koyarwarsu ba tukuna. Ta ga baƙi cikin ƙunci ne ta taimaka. A nan suka zauna suna fama da harshe. Abin da ya sauƙaƙa musu shi ne aikin da wasu suka riga suka yi: 'yan mishan na Furotesta daga Amurka sun iso Hawai tun 1820, sun tsara rubutun harshen, sun buɗe makarantu, kuma a 1839 aka kammala fassarar Littafi Mai Tsarki. Da wannan fassara da kuma bakin maƙwabta Cannon ya riƙa koyo. Yakan ƙi barin mutum ya wuce ba tare da ya gwada masa 'yan kalmomin da ya sani ba, ko da za a yi masa dariya.

Sai maganar ciki. Abincin yau da kullum na mutanen Hawai shi ne poi. Gwaza ake dafawa, a kirɓa ta ta yi laushi, a dama da ruwa, a bar ta ta yi tsami, sannan iyali su kewaye ƙwarya ɗaya suna ɗiba da yatsa. Cannon ya rubuta daga baya, a littafinsa na tarihin wannan tafiya da ya fito a 1879, cewa warinsa ya tuna masa da tsohon manne mai tsami na masu ɗinkin littattafai, har zuciyarsa ta tashi. Ya yi kwanaki yana rayuwa a kan dankali da 'ya'yan itatuwa. Amma ya lura da wani abu: muddin bai ci poi ba, duk gidan da ya sauka sai an yi masa girki dabam, talakawan da suka karɓe shi su ɗauki nauyi biyu. Sai ya roƙi Allah ya sa abincin ya yi masa daɗi, ya kuma ci gaba da sa hannu a ƙwarya. Ba a daɗe ba ya saba, har ya zamana ya fi son poi a kan burodi.

A watan Maris 1851 ya ɗauki jakarsa ya fita da ƙafa don ya zaga tsibirin, yana so ya kasance inda ba mai jin Turanci. A Wailuku ya haɗu da Jonathan Napela, alƙali, ɗan gidan sarauta, wanda ya yi karatu a makarantar Lahainaluna. Napela ya saukar da shi, ya ciyar da shi, ya riƙa gyara masa harshe. Shugabannin ikilisiyar Furotesta na garin ba su ji daɗin wannan ba, aka yi wa'azi a kan baƙon, aka matsa wa mai masaukin. Duk da haka a watan Agusta na shekarar aka kafa reshen cocin na farko a yankin Kula, Napela kuma ya karɓi baftismarsu a Janairu 1852. Su biyun suka zauna suka fassara Littafin Mormon zuwa harshen Hawai, aka buga shi a San Faransisko a 1855. Kafin Cannon ya bar tsibiran a 1854, mabiyan cocin a can sun kai dubbai.

Napela ya ga irin wahalar da sababbin zuwa suke sha da harshe, sai ya ba da shawara a riƙa ajiye su wuri ɗaya na 'yan watanni suna karatu kafin a rarraba su, ya kuma buɗe gidansa don haka. Ƙarshen rayuwarsa ma abin tunawa ne. Da aka gano matarsa Kitty tana da kuturta aka tura ta zangon kutare na Kalaupapa a tsibirin Molokai a 1873, ya bi ta da kansa ko da yake lafiyarsa ƙalau. A can ya yi abota da Fada Damien, limamin Katolika da ke hidima ga kutare. Cutar ta kama shi, ya rasu a 1879.

A shekarar da Cannon ya tafi, wani yaro ya iso, Joseph F. Smith, ɗan shekara 15, maraya. An kashe mahaifinsa Hyrum a 1844, mahaifiyarsa ta rasu a 1852. Ya kama harshen cikin wata uku da 'yan kwanaki. Daga baya zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da shi a Molokai, wata mace da ake kira Ma Manuhii ta ɗauke shi zuwa gidanta ta yi jinyarsa wajen wata uku kamar ɗan cikinta. Yaron nan ya zama shugaban cocin gaba ɗaya a 1901. Da ya koma Hawai bayan shekaru da yawa, tsohuwar ta zo tarye, ta makance, riƙe da 'yar kyautar ayaba, tana kiran sunansa. Waɗanda suke wurin sun ba da labarin yadda ya rungume ta yana hawaye yana ce mata uwa.

Yau abubuwa sun canza. A 1961 cocin ta fara makarantar koyar da harsuna ga 'yan mishan a Provo, jihar Yuta, wadda ta zama babbar cibiyar horo a 1978, akwai kuma irinta a Akara ta ƙasar Gana. Samari suna yin shekara biyu, 'yan mata wata 18, kuma tun 2012 saurayi yana iya fita yana da shekara 18. Kullum su biyu suke tafiya, ba su suke zaɓen abokin ba, ba su suke zaɓen ƙasar ba. Galibi sukan tashi da ƙarfe shida da rabi na safe, su yi karatu da bitar harshe, su yini a waje, rana ɗaya a mako kuma ta wanki da cefane ce. Shekaru da yawa sau biyu kawai a shekara ake barinsu su kira gida, a Kirsimeti da Ranar Iyaye Mata, sai a 2019 aka yarda su riƙa kira kowane mako. Duk da wannan tsari, kewar gida da gajiya da saɓani da abokin tafiya ba su gushe ba, har cocin ta buga ɗan littafi na musamman don taimaka wa matasanta su saba da sabuwar rayuwa.

Me za mu ɗauka daga nan? Idan muka karanta tarihin masu wa'azi, sunan wanda aka aika muke riƙewa. A wannan labari, ba don Nalimanui da Napela da Ma Manuhii ba, da ba a ji sunan Cannon ko Smith a Hawai ba. Samarin sun daɗe ne domin sun yarda su zama masu buƙata, a gyara musu magana kamar yara, a ciyar da su abin da gida ke ci, a yi jinyarsu. Biyar ɗin da suka tafi ba ragwaye ba ne, mutane ne da suka jure wahalar ramin zinariya. Abin da ya gagare su shi ne sauya tunani game da wanda suka zo dominsa, da kuma saukowa su zauna a tabarmarsa.

Mu ma muna da wannan darasi a Littafi Mai Tsarki. A Luka sura 10, sa'ad da Ubangiji Yesu ya aiki almajirai biyu biyu, maganar masauki da abinci tana cikin umarnin da ya ba su. Da yawa cikinmu za mu bar gida bana, wasu zuwa makaranta, wasu bautar ƙasa, wasu aikin bishara a ƙauyen da ba a jin Hausa. Mu koyi gaisuwar mutanen tun makon farko, mu bar su su yi mana dariya su gyara mana. Kada mu sa a dafa mana dabam idan ba don rashin lafiya ba. Mu riƙe sunan wadda ta ba mu ruwa, mu koma mu gaishe ta. Waɗanda suka rage a gida kuma, akwai baƙo a unguwarmu da bai ji harshenmu ba, bai saba da miyar kukarmu ba. Ƙofar wa za ta buɗe masa?

Ubangiji ya ba mu tawali'un zama baƙi, ya ba mu zuciyar karɓar baƙi. Amin.