Tunjere, Cuta Mai Aron Riga

Jama'ar Madawa, Buza da Keita, kun san tunjere. To, ga tarihinta.

A shekara ta 1495 cutar ta ɓarke cikin sojan sarkin Faransa da suka kai yaƙi birnin Nafoli, ƙasar Italiya. Mutanen Italiya suka ce cutar Faransa ce. Faransawa suka ce ta Nafoli ce. Kowa na tura wa maƙwabcinsa.

Shekara 400 ta wuce, likitoci suna ta ruɗewa. Me ya sa? Don tunjere ba ta tsayawa da kama ɗaya. Da farko ɗan gyambo ne ke fitowa a al'aura ko a baki, ba ya zafi, kuma ya warke da kansa. Mutum ya ce ya rabu da ita. Ashe tana cikin jini. Bayan makonni sai ta komo da rigar aro. Wani ƙuraje ne har tafin hannu da tafin ƙafa, sau da yawa ba ƙaiƙayi. Wani gashin kansa ya zube wuri wuri, a ce makero ne. Wani zazzaɓi da kaluluwa, wani farin miki a baki. A baƙar fata ma jan ƙurajen ba ya fita sosai. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

A 1905, a birnin Barlin na Jamus, Shaudin da Hofman suka ga ƙwayar cutar da madubin likita. A 1906 Wasarman ya fito da awon jini. A 1943 aka gane allurar fenisilin na kashe ta. Daga nan jini ya zama shaida, ido ya daina yanke hukunci shi kaɗai.

Tunjere tana da ƴar'uwa a ƙasashen Sahel, wadda yara ke ɗauka wajen shan ruwa da ƙwarya ɗaya. Saboda haka kada mu yi saurin zargin kowa.

In aka bar tunjere, tana iya taɓa zuciya da ƙwaƙwalwa. Mai ciki kuma tana iya ba ɗanta, ko ta haife shi ba rai. Wanda ya ga alamun nan ya tafi gidan likita a auna jininsa. In an same ta, miji da mata su karɓi allura tare. Mai ciki kuwa ta je awo tun cikin yana ƙarami.