Alhajin da Ake Hangowa Daga Madafi

A Dukku ta ƙasar Kontagora, littattafan soyayya sun riƙa iso mana ne a ƙasan akwatin 'yan makarantar kwana idan sun dawo hutu. Bango ya yage, an manna da sauran tuwo, ɗaya na karantawa, biyar na kasa kunne. Tun lokacin na lura da abu guda: ba kasafai ake ganin maigidan cikin labari ido da ido ba. Gyaran muryarsa ake ji daga zaure, sai ƙarar motarsa, sai kuɗin cefanen da ya ajiye a bakin gado.

Da can ba haka abin yake ba. A gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, maza ne suka riƙe alƙalami, maza ne kuma jarumai. Sai a 1980 kamfanin ɗab'i na NNPC ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed. Da tattalin arziki ya karye, marubuta suka koma buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, mata suka yi dafifi a fagen da aka laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano. Nan ne reshe ya juye da mujiya, namiji ya koma ɗan rakiya a labarin mace.

A ganina, Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala, ita ta sassaƙa Alhajin da kowa ya gane. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya, don haka ba labari aka ba ta ba. A Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne, yana da mata Rabi da 'ya'ya tara, yana ƙyashin kuɗin miya amma yana ɓarin naira a kan Delu. Ya auro ta, ya kori Rabi. Marubuciyar ba ta ɓata tawada wajen shiga zuciyarsa ba. Ta bar mu da Rabi tana sayar da abinci don ta ciyar da yara, mu auna mutumin daga tukunyar da ya bari. Da gobara ta lashe shagonsa, dangi suka matsa wa Rabi ta koma, abin da har yau yake ƙona ran masu karatu.

Sai dai a gefe ta ajiye wani Alhajin, Abubakar, mijin Saudatu 'yar Rabi, mai hannu sake da sanin darajar mace. Mugu ɗaya, nagari ɗaya, mace a tsakiya da ma'auni. Wannan zubin ya bi littattafai da yawa bayanta.

A Japan marubuta mata sun bi wata hanyar. Tun labaran Yoshiya Nobuko na 1916 zuwa littattafan zane na soyayya tsakanin 'yan mata da ake kira yuri, makarantar mata zalla aka mayar dandali, aka bar namiji a bakin ƙofa, wani lokaci wa, wani lokaci mijin da iyaye suka zaɓa. Marubuciyar Kano ba ta da wannan damar, domin aure da kishiya da saki su ne ƙashin bayan labarinta.

A nan gida, malamai da iyaye sun yi ta ƙorafi kan littattafan soyayya, har a 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafai a Kano. Rubutun bai mutu ba, ya ƙaura zuwa waya. A WhatsApp da Wattpad, Alhaji mai tumbi ya ja baya, matashi miskili ya karɓe shi, mai tsadar magana da kamfani a Abuja. Kwanan baya na ji ƙanwata tana sauraron wani labarin a YouTube tana tankaɗe. Na tambaye ta kamanninsa, ta yi shiru, sannan ta faɗa mini sunan turarensa da adadin kuɗin da ya tura wa yarinyar.