Martin Brundle: daga sitiyari zuwa makirufo

Yau tarihin wani ɗan tseren mota na kawo muku, amma bari in faro daga gida.

Kawuna ya daɗe yana jan motar haya daga Kwanar Ɗangora zuwa Jos, ya bi ta Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore, ya wuce Doguwa. Haɗari ya taɓa masa ƙafa, ya ajiye tuƙi ya koma zaman tasha. Amma in mota ta shigo, daga kukan inji kawai zai ce, "Yaro, je ka a duba maka kuloci." Shi nake tunawa duk sanda na ji Martin Brundle yana sharhin Formula 1 a talabijin.

An haifi Brundle a Ingila a 1959. A 1983 shi da Ayrton Senna na Brazil suka yi kare jini biri jini a gasar Formula 3 ta Birtaniya, sai a tseren ƙarshe Senna ya ɗauke kambun. A 1984 dukansu suka shiga Formula 1. Brundle ya zo na biyu a Detroit, aka ce ga tauraro ya fito. Tsere na gaba a Dallas, wajen gwaji, ya daki katanga ya karya ƙafafuwa biyu, har likitoci suka fara maganar yanke ta hagu. Yana jinya aka soke sakamakon ƙungiyarsa Tyrrell na shekarar baki ɗaya saboda karya doka, na biyun nan ma ya tafi. Ga karaya ga asara.

Ya dawo, amma ƙafar hagun ba ta koma daidai ba. Senna ya ci kambun duniya sau 3. Brundle kuwa ya yi tsere 158 a Formula 1, ya shiga ukun farko sau 9, ko sau ɗaya bai zo na ɗaya ba. Kar ku ce rago ne fa. Da motar Jaguar ya zama zakaran duniya a tseren dogon zango a 1988, ya kuma ci tseren awa 24 na Le Mans a 1990.

A 1997 ya koma sharhi a tashar ITV tare da Murray Walker, ya wuce BBC a 2009, sai Sky a 2012. Shi ne mai kutsawa cikin motoci dab da fara tsere, yana tare direbobi da tambaya. Ni dai in ya ce tayar wane ta gaji, ba na musu, don ƙafarsa ta biya kuɗin ilimin.

Ran nan na nuna wa Kawu shi a waya, na ba shi labarin. Bai tambayi kofi nawa ya ci ba. Cewa ya yi, "Wace ƙafar ce?"