Umdurman da Ƙafa: Tarihin da Ke Cikin Sunayen Unguwanni

Wanda ya baro Hartum ya nufi yamma, da zarar ya haye tsohuwar gadar ƙarfe da ke kan Farin Nilu, wadda aka buɗe a 1928, ya shiga wani gari dabam. A bayansa ya bar tituna miƙaƙƙu da Turawan mulkin mallaka suka shata da ma'auni. A gabansa kuwa Umdurman ce, garin jar ƙasa da lunguna, wanda Bakano ko Basakkwace zai shiga ya ji kamar ya taɓa kwana a cikinsa. Na taka tsohon garin da ƙafa shekaru kaɗan kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023, tare da wani dattijo Bahaushen Sudan wanda kakansa ya baro ƙasar Haɗeja da niyyar aikin hajji. Gine-ginen da na gani kaɗan ne, don Umdurman ba ta da dogayen benaye na da. Abin da na samu da yawa shi ne sunaye. Ɗalibin da ya san yadda ake tono tarihin Kano daga kalmomi irin su Soron Ɗinki da Alfindiki da Tudun Nufawa, ya riga ya riƙe mabuɗin wannan gari.

Kafin 1885 Umdurman ƙauye ce ta masunta da masu fito, sai wani ɗan sansanin soja da gwamnatin Turkawa da Misirawa ta kafa don tsaron Hartum. Muhammadu Ahmad, wanda ya yi da'awar Mahadiyya a tsibirin Aba a 1881, ya ci Hartum ranar 26 ga Janairu 1885, aka kashe Janar Gordon. Bai zauna a birnin da ya ci ba. Ya tsaya a sansaninsa na yammacin kogi, a nan kuma ya rasu ranar 22 ga Yuni na shekarar, wata biyar kacal bayan nasara. Magajinsa, Halifa Abdullahi, mutumin ƙabilar Ta'aisha daga kudancin Darfur, shi ya mai da sansanin birni. Ya sa aka kwashe mutanen Hartum, aka rushe gidajenta, aka yi ta fiton bulo da katako da ƙofofi zuwa ƙetare. Don haka wani ɓangare na tsohuwar Umdurman da gawar Hartum aka gina shi. Ansaru, wato mabiya Mahadi, suna kiran garin Buƙ'a, ma'ana wuri mai albarka.

Daga gada muka yi arewa, muna bin bakin ruwa. Abu na farko da aka ƙetare wani kwari ne da ake kira Hor Abu Anja, da sunan Hamdan Abu Anja, babban sarkin yaƙin Halifa wanda ya rasu a 1889 a fagen dāgar Habasha. Sai Murada, sunan da ya fito daga kalmar Larabci mai nufin mashaya ko madatsar jirage. A nan jiragen ruwa ke sauke hatsi da itace, kuma har zuwa lokacin da na je kasuwar kifi ce da ke ci tun da asuba. Gaba kaɗan, a kan gaɓar kogi, akwai wasu guntayen ganuwa na laka masu kafofin leƙe, waɗanda ake kira ɗawabi. Halifa ya sa an gina su don a girka igwa a tare jiragen yaƙin Ingilishi. Na tsaya a bayan ɗaya na leƙa ta kafar, sai ga tsibirin Tuti da hasumiyoyin Hartum. Laka ce zalla, irin wadda magina ke kwaɓawa a Zariya, kuma da ita aka yi niyyar tare harsashin igwa.

Kusa da nan ƙofar Abdulƙayyum take tsaye ita kaɗai a gefen titi, babu ganuwa dama babu hagu, kamar yadda wasu ƙofofin Kano suka koma. Ita ce ragowar katangar da ta kewaye Mulazimin, unguwar dogaran Halifa, waɗanda ɗansa Usman Shaihuddin ke shugabanta. Wannan katanga tana da labari. An gina ta a cikin gari, ta raba mai mulki da jama'arsa. Halifa bai amince da dangin Mahadi ba, waɗanda ake kira Ashraf, bai kuma saki jiki da ƙabilun bakin kogi ba. Shi ya sa ya tilasta wa danginsa Ta'aisha ƙaura daga yamma zuwa Umdurman a wajajen 1888 da 1889. Zuwansu ya zo daidai da wata muguwar yunwa da har yau Sudaniyawa ke kira Sanat Sitta, wato shekara ta shida, don ta faɗo a 1306 ta Hijira. Mu ma haka muke ajiye tarihi, da sunan yunwa: wanda ya ji tsofaffi na ambaton Kakalaba ya san abin da ake nufi.

Daga ƙofar muka juya wa kogi baya, muka shiga zuciyar garin. Abubuwa uku ne a jere: gidan Halifa, da ƙubbar Mahadi, da wani makeken fili mai katanga wanda shi ne masallacin. Gidan Halifa ya ba ni mamaki saboda ƙanƙantarsa. An gina ƙasansa a 1888, aka ɗora bene a 1891, kuma tun 1928 ya zama gidan adana kayan tarihi. Zaure ne cikin zaure, tsakar gida cikin tsakar gida, ƙofofi gajeru, yadda baƙo ba zai san inda maigida yake ba sai an kai shi. Duk wanda ya taɓa shiga gidan sarauta a ƙasar Hausa ya san wannan tsari. A ciki na ga rigunan Ansaru masu faci, da masu, da sulke, da kuɗin da aka buga a garin, da takardun da aka buga da maɗaba'ar dutse da aka kwaso daga Hartum. Rigar mai faci ta fara ne a matsayin tufar talaka mai gudun duniya. Kafin ƙarshen daular facin ya zama ado, ana yanka shi daidai, ana zaɓar launinsa, har ana gane muƙamin mutum da kyan facinsa. A ganina wannan riga ta fi littattafai da yawa bayyana abin da ya sami Mahadiyya cikin shekara 13.

Ƙubbar da ake gani yau, mai ruwan azurfa, ba ita ce ta asali ba. Ta farko igwar Kitchener ta fasa ta, bayan yaƙin Karari kuma ya sa aka rushe ta, aka tono gawar Mahadi aka jefa a kogi. An gwabza yaƙin ranar 2 ga Satumba 1898 a arewacin garin. Ansaru fiye da 10,000 suka kwanta dama cikin safiya guda a gaban bindiga mai ruwa, alhali waɗanda aka kashe a ɓangaren Kitchener ba su kai 50 ba. Halifa ya tsira, aka cim masa a Umm Dibaikarat a Nuwamban 1899. Sai a 1947 Sayyid Abdurrahman, ɗan Mahadi, ya sami izinin sake gina ƙubbar.

A gindinta abokin tafiyata ya ce da ni, “Malam, ai mu nan ba baƙi ba ne, tun kafin Bature muke.” Gaskiyarsa. Tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ake ta zancen bayyanar Mahadi a gabas, da cewa jama'a za su yi hijira zuwa kogin Nilu su tarye shi, ko da yake Shehu da kansa ya bayyana cewa ba shi ne Mahadi ba. Da labarin Muhammadu Ahmad ya iso, Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ke zaune a Balda ta ƙasar Adamawa, ya yi masa mubaya'a ta wasiƙa, aka naɗa shi wakili a ƙasashen yamma. Sakkwato ba ta karɓa ba. Hayatu ya haɗa kai da Rabe, daga baya suka ɓata, aka kashe shi a 1898, shekarar Karari. Bayan shekara biyar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya ɗauki hanyar gabas, Turawa suka tare shi a Burmi ranar 27 ga Yuli 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kai ragowar jama'a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar, inda garin Mai Wurno yake har yau. Waɗansu suka biyo baya a ƙafa, mahajjata da masu neman aiki a gonakin auduga na Jazira da aka buɗe a 1925. Sudaniyawa na kiran su Fallata, daga sunan da Barebari ke kiran Fulani, ko Takari, jam'in Takruri, ba tare da bambanta Bahaushe da Bafulatani da Babarbare ba. Sunan bai rasa ƙurar raini a bakin wasu. Amma da yamma, a bakin kasuwa, kowa na layin sayen agashe, kuma da sunansa na Hausa ake kiran sa.

Kasuwar Umdurman tana arewa maso yamma da ƙubba, tafiyar da ba ta kai a nemi abin hawa ba. Halifa ne ya tsara ta layi-layi bisa sana'a, kamar Kurmi: maƙeran zinariya da azurfa, dukawa masu ɗinka takalmin markub, masu turaren wuta da sandal, masu sassaƙa gadon angarib. Ba zan daɗe a nan ba, don wanda ya san Kurmi ya san rabinta.

Inda na fi daɗewa shi ne Masalma, unguwar da ke dab da kasuwar. Sunan jam'i ne na kalmar da ake kiran wanda ya musulunta. A nan Halifa ya tara Kiristoci da Yahudawan da aka kama a garuruwan da aka ci, Kibɗawa da Girkawa da Siriyawa da wasunsu, waɗanda aka tilasta wa shiga Musulunci. Ana bukatar su, don a cikinsu akwai akawu da magina da masu gyaran bindiga, amma ba a amince musu ba. Daga cikin Turawan da aka tsare a garin akwai Fada Ohrwalder da ya tsere a 1891 da Slatin Basha da ya tsere a 1895, kuma littattafan da suka rubuta su suka shafa wa Umdurman baƙin fenti a idon Turai. Bayan 1898 da yawa daga mutanen Masalma suka koma addininsu na da, wasu suka zauna a Musulunci, aka ci gaba da zama gida na jikin gida, coci na kallon masallaci. Sunan da aka laƙaba don wariya ya zama abin alfahari: ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Marrikh da sunan Masalma aka fara kafa ta a 1908. Baƙi irin waɗannan sun daɗe a mahaɗar kogunan biyu. Wani Ba'armeniye, Arakil Bey, ya yi gwamnan Hartum a 1857, kuma bayan kisan kiyashin 1915 wasu Armeniyawa sun sami mafaka a birnin har suka gina cocinsu. Ɗalibi ya tuna da Dandalin Turawa a Kano, inda kalmar Turawa ke nufin Larabawan Gadamus da Tarabulus tun kafin a ga Ingilishi. Suna kan riƙe ma'anar da bakin mutane ya riga ya saki.

Daga Masalma muka gangara gabas ta Wad Nubawi, mai sunan wani amirin Ansaru, inda masallacin Shaihu Ƙaribullahi na ɗariƙar Sammaniyya yake, gidan da Shaihu Nasiru Kabara ya ƙulla alaƙa da shi. Sai Baitulmali, inda taskar daular take a da, sai Abu Rauf a bakin kogi, inda na tarar ana sassaƙa jirgin katako da gizago, babu zane babu takarda. A kewayen nan akwai unguwar majema da ta masu gasa bulo, kowace da sunan sana'arta.

Turawa sun sake gina Hartum don kansu, suka bar Umdurman ga ’yan ƙasa, suna ganin sun bar ta a baya. A cikin lungunan nan ne aka kafa kulob ɗin ’yan boko a 1918, aka kafa Majalisar ’Yan Boko a 1938, aka buɗe gidan rediyo a 1940. Isma'il Azhari, wanda ya ɗaga tutar ’yanci ranar 1 ga Janairu 1956, ɗan garin ne, gidansa na nan a bakin titi. Sudaniyawa na kiran Umdurman babban birnin ƙasa, Hartum kuwa mazaunin gwamnati.

Ranar Juma'a da la'asar muka rufe yawon a maƙabartar Hamad an-Nil, a yammacin gari, inda ’yan Ƙadiriyya ke zikiri da ganguna cikin riguna kore da ja har faɗuwar rana.

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Tsohuwar Umdurman ta zama fagen fama kusan shekara guda, gida-gida, lungu-lungu, har sojoji suka ƙwace gidan rediyo a Maris 2024. An wawushe kasuwa, wani sashenta ya ƙone. An fasa gidan Halifa, wanda ba a daɗe da gama gyara shi ba, aka kwashe kaya. Haka aka yi wa babban gidan tarihi na ƙasa a Hartum. Mutanen Mulazimin da Baitulmali da Wad Nubawi da Abu Rauf suka watse, wasu Masar, wasu Bur Sudan, wasu ƙauyukan kakanninsu. Dattijon da ya zaga da ni ya kai iyalinsa Kasala. Da muka yi magana ta waya na tambaye shi gida, sai ya fara lissafa mini unguwannin ɗaya bayan ɗaya, daga Murada zuwa Abu Rauf, bisa jerin da muka bi su, yana faɗin wadda mutane suka fara komawa da wadda har yanzu babu ruwa babu wuta.